Daga kontar zuwa gologo: yadda na duba makewayin wani gida a Yamai

Ƙorafi biyu aka kira ni a kansu. Na farko, takardar kuɗin ruwa ta yi ta hawa wata uku a jere alhali mutanen gidan ba su ƙaru ba. Na biyu, wari na tasowa daga makewayin cikin gida, musamman da asuba. Gidan na siminti ne a wata unguwa ta arewacin Yamai, ɗaki uku da falo. Makewayin na zamani ne: masai na zama wanda muke kira shez angilez, lababo na wanke hannu, dush, shofo na ɗuma ruwa mai lita 50 a bango, da robine ɗaya can ƙasa na cika buta da bokiti.

Kayan da na riƙo ba su da yawa. Tocila, kilen molet, turnabis biyu, bokiti mai lita 10, teflon (farin tef da ake naɗa wa mahaɗin robine don hana yoyo), ƙullin bula ta wanki, takardar goge hannu busasshiya, sai ƙaramin madubi na leƙa bayan masai. Agogon salula ma kayan aiki ne, domin rabin wannan bincike ƙidayar minti ne.

Ban fara da makewayin ba, kontar na nufa, wato ma'aunin ruwan da ke shiga gida, can bakin ƙofar gida cikin ɗan akwatinsa. Na roƙi Hajiya mai gidan ta sa a rufe kowane robine, na madafa da na tsakar gida, kuma kada yara su taɓa ruwa har rabin awa.

"Malam, mu fa ko da dare ba ma jin ƙarar zubar ruwa," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, yoyon da ya fi cin kuɗi ba ya ƙara."

A fuskar kontar akwai lambobi iri biyu. Baƙaƙen su ne mita kib, kowane ɗaya lita 1,000, kuma su ma'aikacin kamfanin ruwa ke rubutawa. Jajayen su ne lita, su ne namu. Akwai kuma wata ƴar tauraruwa ko ɗan faifai a tsakiya da ke juyawa ko da ruwa kaɗan ne ke wucewa. Kamfanin NDE, wanda ya karɓi aikin raba ruwa daga hannun SEEN a farkon 2024, iyakarsa kontar. Duk abin da ya zuba bayan kontar mai gida ke biya. Da aka rufe komai, tauraruwar ba ta tsaya ba, tana ta juyawa a hankali. Na ɗauki hoton kontar, na koma bayan minti 30: lita 6 sun wuce. Lissafin a fili yake. Lita 12 a awa, 288 a yini, sama da lita 8,600 a wata, ba wanda ya sha, ba wanda ya yi wanka da su. Kuma da rana na auna. Da dare, lokacin da unguwa ta yi barci ƙarfin ruwa ya ƙaru, yoyon ya fi haka.

Wanda ke da tanki a saman gida ya rufe van ɗin da ke cika shi kafin wannan gwaji, in ba haka ba kontar zai yi ta juyawa ya tsorata shi a banza. In kuma lokacin zafi ne, Afrilu ko Mayu, da ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, a bari sai ya dawo da ƙarfinsa sannan a auna.

Sai na shiga ciki na rufe ɗan robinen da ke ba tankin masai ruwa, tankin da muke kira shas. Robinen ya ƙage, alamar an yi shekaru ba a juya shi ba. Ba a sa wa irin wannan kile a murɗe da ƙarfi, zai karye a hannu ruwa ya cika ɗaki. Gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya saki. Na koma kontar: tauraruwar ta kusa tsayawa, amma tana ɗan motsi jefi-jefi. Ke nan yoyo biyu ne, babba a shas, ƙarami a wani wuri.

Murfin shas ɗin mai maɓalli ne a sama. Sai an warware zoben maɓallin kafin a ɗaga murfin. Wanda ya fizga da ƙarfi zai karya sandar ciki ko ya fasa murfin, kuma da wuya a samu murfi shi kaɗai da zai dace, ko da an zagaye kasuwar Katako. Na ajiye shi a ƙasa bisa tsumma, ba a bakin lababo ba.

Abu biyu ne a cikin shas. Ɗaya mai shigo da ruwa, yana da flota da ke tashi tare da ruwa har ta rufe ƙofar shigowa. Ɗaya kuma a tsakiya, mai sakin ruwa zuwa masai, yana da roba mai faɗi a gindinsa da bututun ambaliya wanda ke kwashe ruwa in ya wuce kima. Ruwa ya kamata ya tsaya kamar santimita 2 ƙasa da bakin wannan bututu. Da na sake buɗe robinen na bar shas ya cika, ruwan ya hau har baki yana gangarawa ciki siriri, shiru kamar mai. Na ɗaga flotar da yatsa. In ruwa ya tsaya cak, gyaran saiti ne kawai: a juya ɗan dunƙulen roba da ke sandar flota, ko a ɗan lanƙwasa sandar in ta tagulla ce irin ta da. A nan ruwan bai tsaya ba, ya rage ne kawai. Na rufe robine, na kwance kan na'urar, na ciro ƴar robar da ke toshe hancin shigowar ruwa. Ƙwayar yashi ɗaya ce ta maƙale a hancin, ta kuma yi wa robar rami kamar an danna farce.

Yashin nan abokin zamanmu ne. Ruwan Yamai daga kogin Isa ake janyo shi, a tace a Gudel da Yantala, amma duk inda ake ɗauke ruwa a dawo da shi, ko aka yi gyaran bututu a titi, ruwan farko yakan zo da iska da yashi da tsatsa. Wurin da ya fi ƙanƙantar rami a gida shi ke kama su, wato hancin flota da ragar bakin robine. Shi ya sa nake ce wa mutane in ruwa ya dawo su fara buɗe robinen tsakar gida ya yi tofe-tofensa ya wanke kansa, kafin a ja shas. Na wanke hancin, na juya robar ta ɗayan gefen don ta riƙe kafin a sayo sabuwa, na saita flota. Ruwa ya tsaya inda ya kamata.

Da yawa nan suke tattara kaya su tafi, kuma kuskure ne, domin shas na yoyo ta hanya biyu. Na jiƙa bula a kofi na zuba cikin tankin har ruwan ya yi shuɗi sosai, na hana a ja. Wanda ba shi da bula, ruwan zoɓo mai duhu ma ya isa. Kafin minti 20 sai ga siririn layi shuɗi yana gangarowa ta bayan kwanon masai. Robar gindi ba ta rufewa. Na rufe ruwa, na ja shas ya zube, na juya na'urar tsakiya kwata na ciro ta. Robar ta taurare, ta yi kumburi wuri-wuri, da na shafa ta sai ta bar baƙi a yatsa. Abin da ke kashe ta zafi ne da shekaru, sai kuma jabel ko ƙwayar tsabtace masai da ake jefawa cikin tanki. Sinadarin yana cin roba. In za a wanke masai, a kwano ake zuba magani, ba a tanki ba.

Wajen sayen sabuwar roba a tafi da tsohuwar a hannu, domin faɗinsu da ramin tsakiyarsu sun sha bamban, bambancin milimita biyu ya isa ya dawo da yoyo. Kafin a sa ta a goge bakin da take zama a kai da soso da binegar. Kada a kankare shi da wuƙa ko takardar yashi. Ƙarce ɗaya a wurin ya zama hanyar ruwa ta dindindin.

Na koma wajen shas da takarda busasshiya. Ido na ruɗi a makewayi saboda ko'ina da laima, takarda kuwa da ta taɓa ɗigo za ta nuna. Na goga ta ƙarƙashin kusoshi biyu da ke ɗaure tanki da kwano, da kewayen robar soso da ke tsakaninsu, da bakin tiyon da ke kawo ruwa. Duk a bushe. Amma tiyon, irin mai saƙar ƙarfe, ya yi ɗigon tsatsa wuri biyu kuma an lanƙwasa shi da tsiya. Irinsa ne ke fashewa da tsakar dare a wayi gari katifu na iyo. Na rubuta a canza shi. Bakinsa na wajen shas 12/17 ne, na robine kuwa galibi 15/21; a faɗa wa mai shago waɗannan lambobi ya fi a tsaya ana kwatance da yatsu. Kusoshin tanki kuma ba a ƙure su da kile. A ɗaure wannan kaɗan, wancan kaɗan, har tanki ya daina motsi. Tangaran ba ya gargaɗi kafin ya tsage.

Daga nan na dafa kwanon masai da hannu biyu na girgiza shi hagu da dama. Ya motsa kaɗan. Maso, wato magini, ya binne gindinsa cikin siminti maimakon ya ɗaure shi da kusoshi biyu a ƙasa ya bi kewaye da silikon. Wannan al'ada ta yi yawa a gine-ginenmu kuma ban taɓa ganin amfaninta ba: siminti na tsagewa, masai ya fara rawa, ranar da ake son cire shi don gyara kuma sai an fasa shi. Na sa madubi da tocila ta baya, inda bakin masai ke shiga bututun PVC mai faɗin milimita 100. A nan ya kamata a ga mahaɗi mai leɓen roba wanda ke kama bakin tangaran gam. Abin da na gani leda ce aka cusa aka shafe da siminti, simintin kuma ya tsage ta sama. Da na ja ruwan shuɗin, gindin bai jiƙe ba, domin tsagar a sama take. Ruwa ba ya fita ta nan, iskar rami ce ke fita. Na kai bayan hannu kusa na ji ɗumin ta. Kyankyasai biyu suka leƙo suka koma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gwajin bokiti shi ne na gaba. Na cika lita 10 na juye cikin kwano a tashi ɗaya daga tsayin ƙugu. Masai mai lafiya zai haɗiye nan take, ruwa ya koma matsayinsa. Wannan ya taso har kusan baki, ya yi jim, sannan ya sauka a hankali, magudanar ƙasa ta dush kuma ta yi ɓul-ɓul. Abu uku ke kawo haka: toshewa a bututu, rami ya cika, ko babu bututun shaƙar iska. Daga ciki ba a iya rarrabe su, sai an fita waje. Na bar shi tukuna na ƙarasa da ɗakin.

Magudanar ƙasa na buɗe. Ƙarƙashin ragarta ya kamata a samu wani ɗan kofi a kife cikin ruwa. Wannan ruwan da ke kwance shi ne ƙofar da ke hana wari da kyankyaso da sauro tasowa; haka ruwan da ke cikin kwanon masai, haka na ƙarƙashin lababo. A ƙa'ida zurfinsa santimita 5 ne, amma ƙananan magudanan ƙasa da ake sayarwa da yawa ba su kai haka ba. A nan kofin ma babu shi. Mai aikin gidan ta ce ita ta cire, don yana hana ruwa tafiya da sauri. Gaskiyarta, gashi da sabulu sun cika shi, amma wankewa yake buƙata. Da ta yar da shi, rami ya samu taga kai tsaye zuwa cikin gida. Ga tushen wari na biyu. A makewayin baƙi da ba a shiga kullum, ruwan nan na bushewa cikin kwanaki kaɗan lokacin zafi ko hunturu. Kofi biyu na ruwa duk mako sun wadatar, in kuma tafiya za a yi a ɗora cokali ɗaya na man girki a kai, yana rage bushewar.

Lababo bai ba ni wahala ba. Na toshe shi, na cika, na saki, ina riƙe da takarda a ƙarƙashi. Ya zube da ɗan jinkiri. Na ajiye bokiti, na warware kofin sifon, wato abin da ke riƙe ruwa ƙarƙashin lababo, da hannu: gashi, yashi, guntayen asuwaki. Na wanke na mayar, na tabbata robar zoben ta zauna daidai. A wasu gidaje ba a sa sifon, sai tiyo mai lanƙwasa a miƙe daga lababo zuwa bango. In haka ne a lanƙwasa shi ya yi ciki kamar ƙugiya don ya riƙe ruwa. Abin da ya fi damuna shi ne da na danna bakin lababon ya sunkuyo. Maɗauransa sun fara fita daga bango. Dalilin sananne ne: ana ɗora ƙafa a ciki wajen alwala. Lababo ba a yi shi don ɗaukar nauyin mutum ba, in ya faɗo kuma tangaran ɗin yanka yake kamar reza. Ga robinen ƙasa nan, da ƴar kujera an huta.

Robinen ƙasan ne ma ya zama ƙaramin yoyon. Yana ɗiga kusan sau ɗaya a daƙiƙa, cikin bokitin da aka ajiye ƙarƙashinsa, shi ya sa ba wanda ya ɗauke shi matsala. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa yakan kai wajen lita 20 a yini. Irin mai murɗawa ne sau da yawa, saboda haka na rufe babban van, na kwance kansa, na canza ƴar robar da ke ƙasan sandar. Da irin mai kwata-juyi ne, ba roba a ciki, faifan tangaran biyu ne. In yashi ya ƙarce su sai dai a canza kan gaba ɗaya. In an cire robine daga bango, teflon ana naɗa shi ne ta hanyar da ake ɗaurewa, wato yadda hannun agogo ke tafiya in kana kallon bakin zaren, zagaye 10 zuwa 15, a ja shi ya kwanta cikin zaren. Wanda ya naɗa ta baya, yana ɗaurewa teflon na warwarewa.

Da agogo na auna ƙarfin ruwa. Robinen ƙasa ya cika bokiti cikin daƙiƙa 50, lafiya lau. Dush kuwa rabin ramukansa a toshe, sauran suna fesawa gefe-gefe. Tunda robine ɗaya na da ƙarfi, laifin ba na bututu ba ne. Kan dush ɗin ya kwana cikin binegar a goge shi da tsohon buroshin haƙori. In da duk wuraren ne ba ƙarfi, sai a tuhumi tsohon bututun ƙarfe na galba, wanda ke tsatsa ta ciki har raminsa ya koma kamar na alƙalami. Masu tanki a sama su sani cewa da bar ake auna ƙarfin ruwa, kuma tsayin mita 10 ne ke ba da bar 1. Tankin da ke mita 3 sama da dush ƙarfinsa bai kai sulusin bar ba, komai tsadar kan dush ɗin ba zai yi feshi ba.

Na juye wani bokiti a tsakiyar ɗakin don ganin gangara. Ruwa ya nufi magudana, sai ɗan kwanciya a kusurwar bayan ƙofa. Gangarar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita ake so. Na bi karo, wato tayil, ɗaya-ɗaya ina ƙwanƙwasawa da gindin turnabis. Wanda ya kama yana amsawa da ƙarfi, wanda ƙarƙashinsa ya zama kogo yana amsawa kamar ganga. Huɗu na samu a layin ƙasa na bangon dush, simintin tsakaninsu ya zube. Na zagaya ɗakin kwana da ke bayan wannan bango: fenti ya kumbura daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, ga farin gishiri yana fitowa. Tambayar ita ce, bututu ne ya fashe cikin bango ko ruwan wanka ne ke ratsawa? Kontar ke raba gardama. In an gyara duk abin da ake gani amma tauraruwa na juyawa, a cikin bango ne. In ta tsaya, ruwan wanka ne. A gidan laka ko na rabi da rabi wannan laima ba abin jira ba ce, tana cin gindin bango tana kuma kiran gara.

Shofo na duba a gurguje, da yake a kashe yake tun ƙarshen sanyi. Ƙarƙashinsa akwai na'urar tsaro da ke sakin ruwa in matsi ya kai bar 7. Ɗan ɗigo lokacin da ruwa ke ɗumi daidai ne, kada wani ya toshe bakin don ya hana shi. Toshe shi ne haɗarin. Na juya maɓallinta ruwa ya fito, ba ta ƙage ba, kuma sau ɗaya a wata ya kamata a riƙa yin haka. Wayar ƙasa, wadda masu lantarki ke kira ter, tana nan a ɗaure. Amma a allon wuta ban ga makatsi mai 30 mA ba, irin mai ɗan maɓallin gwaji, wanda ke katse wuta nan take in ta bi jikin mutum. Wutar 220 da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba sa haɗuwa. Na ce a kira mai lantarki kafin Disamba. Duk wanda ya taɓa jin robine ya ɗan ja shi, ko sau ɗaya ne, ya kashe shofo daga allo har sai an duba.

Sai waje. Bayan bangon makewayi akwai ɗan akwatin dubawa mai murfin siminti. Na ɗaga shi na sa yaro ya ja shas a ciki. Ruwa ya iso da saurinsa, ke nan daga masai zuwa nan babu toshewa. Amma a akwatin ya tsaya, domin bakin bututun da ke shiga fos, wato ramin da ƙazantar masai ke taruwa, a nutse yake. Na ɗaga murfin fos na ja da baya na bar shi ya sha iska. A nan ba a kunna ashana, ba a shan taba, ba a sunkuyar da kai ciki, shiga kuwa haram ne ko da waya ce ta faɗa. Iskar ramin tana kama wuta, wani ɓangarenta kuma yana kashe jin wari kafin ya kayar da mutum, sai ka ga mai ceto ya bi wanda ya je cetowa.

Fos ɗin cike yake fal. Na naɗa farin tsumma a doguwar sanda, na zura har ƙasa, na bar ta ƴan mintuna, na zaro a hankali. Baƙin laka ya tsaya wajen sulusin zurfin, sauran duk ruwa ne tsararo. Ana kiran motar kwasa ne in laka ta kusa rabi. Hajiya ta ce sau biyu ke nan ana kwashe ramin a shekarar nan yana sake cika. Dole ya cika. Lita dubu takwas da ɗoriya na ruwan pompo mai tsabta ke gangarawa cikinsa duk wata, su wuce gologo, wato ramin da ƙasa ke tsotse ruwan da ya fito daga fos, gologo ya sha har ƙasar kewayensa ta ƙoshi ta daina tsotsa. Kuɗi biyu take biya a kan ruwa ɗaya, na shigowarsa da na fitar da shi, duk saboda ƙwayar yashi da roba guda. In aka tsayar da yoyon, gologo yakan sauka da kansa cikin kwanaki. In mako biyu ya wuce bai sauka ba, to bangonsa ya toshe da maiƙo da sabulu, sai an buɗe an gyara, kuma gara a yi kafin ruwan Yuli da Agusta ya cika ƙasa.

Na nemi bututun shaƙar iska na same shi a jikin katanga, an yanke shi daidai kafaɗa an kifa masa gwangwanin tumatir. Rana ta cinye PVC ɗin har ya yi fari yana ɓarewa a hannu. Ya kamata ya zama mai faɗin milimita 100, ya wuce rufin gida, a ɗaure ragar sauro a bakinsa, a shafa masa fenti don rana. Idan babu shi, iskar rami ba ta da mafita sai ta cikin ɗaki, kuma duk jan shas yana tsotse ruwan sifon na kusa, abin da ya sa magudana ke ɓul-ɓul. Akwai dogon yaro mita biyu daga akwatin dubawa, siraran saiwoyinsa sun fara shigowa ta mahaɗin bututu. Na yanke su, amma za su dawo muddin ba a toshe mahaɗin ba.

A kusurwar makewayin na ga kwalbar asid da ta jabel da gwangwanin kirezil jere. Asid da jabel in suka haɗu suna fitar da iskar da ke ƙona huhu, a ɗaki mai ƙaramar taga kuwa minti ɗaya ya isa. Kirezil da yawa kuma yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a fos, laka ta yi saurin taruwa. Ledar piya wata, ƙunzugun yara da audugar mata su ma kwandon shara ne wurinsu.

Da yamma aka kawo robobi biyu da sabon tiyo. Na ɗaura, na bar shas ya cika, na sake zuba bula. Minti 30, kwano fari tas. Na fita wajen kontar na durƙusa da tocila: tauraruwa a tsaye. Na ɗauki hoto, na ce kada a taɓa ruwa daga bayan sallar isha'i, da asuba a duba jajayen lambobin kafin kowa ya yi alwala. Washegari aka turo mini hoton, lambobin ba su motsa ba, ke nan bututun cikin bango lafiya yake, laimar ɗakin kwana daga karo take. Aikin maso ya rage: a ɗaga masai a sa mahaɗi mai roba, a sake karo huɗu a cike tsakaninsu, a ɗaure lababo, a sa sabuwar magudanar ƙasa mai kofinta, a kai bututun iska sama da rufi. Na yi wa sandar awo alama da wuƙa daidai inda ruwan fos ya tsaya, na jingine ta bayan katanga don a sake zurawa ranar Juma'a ta sama.